Kududdufi, Kasko da Kwalbar Kananzir: Yadda Haɗari ke Zaɓen Yara

Ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe a ɗakin karɓar yara na gaggawa, a Kano take ko a Maraɗi, za ta iya gaya maka lokacin da ake ciki ba tare da ta dubi kalanda ba. In hunturu ya shigo, ƙuna ce ke yawa: yaron da ya faɗa kaskon wuta, yarinyar da zanenta ya kama wajen jin ɗumi, jaririn da ruwan wanka ya saɓule wa fata. Da bazara ta kankama mangwaro ya nuna, sai karaya. Zafin bazarar ne kuma ke kawo waɗanda suka kurɓi kananzir saboda ƙishirwa. Damina kuwa ba ta cika aiko da nata asibiti ba. Wanda ruwa ya ci, daga bakin kududdufi sai gida, daga gida sai maƙabarta.

A wajen gaisuwa magana ɗaya ake yi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban ga laifin faɗarta a wannan muhalli ba, don uwar da aka tsamo ɗanta daga rijiya ba darasi take buƙata ba, haƙuri take buƙata. Amma abin da ke dawowa kowace shekara a watanni sanannu, ya ɗauki yara sa'o'in juna, a unguwanni iri ɗaya, har ma a lokaci ɗaya na yini, ba a ce masa ba-zata. Yana da hanyar da yake bi, kuma masana lafiya sun daɗe da gano ta.

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da rahoto na farko da ya tattara wannan batu a duniya baki ɗaya. Sun ƙiyasta cewa yara kusan 830,000 ke mutuwa kowace shekara ta hanyar haɗarin da ba wanda ya yi niyyarsa, wato fiye da 2,000 kullum. Haɗarin hanya ne a gaba da kimanin 260,000, sai nutsewa a ruwa 175,000, ƙuna 96,000, faɗuwa daga bisa 47,000, guba 45,000. Kashi 95 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke faruwa. Alƙaluman sun tsufa, amma fasalin da suka nuna yana nan. Har yau hukumar tana cewa babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abu na farko da ke raba haɗari da haɗari shi ne shekarun yaro. Jariri ba ya zuwa wajen haɗari, haɗarin ne ke iske shi a shimfiɗa: a danne shi cikin barci, mayafi ya rufe masa fuska, ya suɓuce daga bayan yarinyar da aka goya wa shi. Da ya fara rarrafe sai lissafi ya juye. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu yaro yana da ƙafa, yana da hannu, komai ya samu sai baki, amma bai san tsoro ba tukuna. Waɗannan su ne shekarun ruwa da wuta da guba, kuma kusan duka a cikin gida ko ƙofar gida. A wannan tsakanin ne ƙwayar gyaɗa ke sarƙe yaro ta wuce hanyar numfashi, ya yi ta tari makonni ana ba shi maganin mura. Daga shekara biyar zuwa sama duniyarsa ta faɗaɗa, an fara aikensa, ya fara makaranta, ya san hanyar rafi da gindin mangwaro. Sai titi ya karɓa.

Ruwa ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Ana zaton wanda ruwa zai ci yana ihu yana fafutika. Ƙaramin yaro ba ya yin ko ɗaya. Kansa ya yi wa jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ko baho ko duro sai kan ya rinjaye shi, kuma ba shi da ƙarfin da zai ɗago. Ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa. Cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta rasa iska, alhali uwarsa tana nan tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ji motsin komai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan rubu'insu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan mutuwar ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, a Afirka kuwa kashi 3 kacal.

Bangaladesh ce ta fi kowa nazarin wannan abu, saboda ita ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Da rigakafi da ruwan gishiri da sukari suka rage mutuwar ƙyanda da gudawa, sai likitocinsu suka wayi gari ruwa ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Da suka bi gida-gida suna tambaya, suka tarar yawanci a tafkin da ke dab da gida abin ke faruwa, kuma daga hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki, uba yana gona, yayye suna makaranta. Ba su tsaya yi wa iyaye mata wa'azin sa ido ba. Sai suka kafa wuraren reno a ƙauyuka, mace biyu daga cikin matan garin su tara yara kamar 20 zuwa 25 daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana. Binciken da aka yi ya nuna mutuwar ruwa a cikin yaran da ke zuwa renon ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Manyan yara kuma aka koya musu iyo a cikin tafkunan garin, bayan an kewaye wani sashe da gora.

Abin da ya burge ni a dabarar shi ne ta yarda da gaskiyar da mu ba ma son faɗa: babu uwar da za ta iya kallon ɗan shekara biyu kowane minti tana kuma daka, tana ɗebo ruwa, tana shayar da ƙaninsa. A gidajenmu mun warware matsalar ta hanyar miƙa shi ga yayarsa 'yar shekara bakwai, wadda ita ma a tsare ta ya kamata a yi. In abu ya faru sai a ce sakaci, a dubi uwa. Ba a cika duban maigidan da ya haƙa rijiya ya bar bakinta daidai da ƙasa ba, ko wanda ya tona ramin masai kuɗi suka yanke ya bar shi buɗe damina ta cika shi.

Kududdufi kuma labarinsa daban. A tsofaffin biranenmu ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, ya zama matattarar ruwan unguwa. Yanzu an sami sababbi, waɗanda 'yan kwangilar hanya da masu haƙar yashi ke bari a bayan gari. Waɗannan sun fi na da mugunta, don gaɓarsu a tsaye take, taku ɗaya ruwa iya gwiwa, taku na biyu ya shanye babban mutum, ƙasansu kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Masu zuwa can ba 'yan tatata ba ne, samari ne 'yan shekara takwas zuwa sha biyar, da almajirai masu neman wurin wanka da wanki. Sau da yawa ba ɗaya ake rasawa ba, ɗaya ya nutse, abokinsa ya faɗa ceto, a tsamo biyu.

Ga kuma kwalekwale. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da 'yan Islamiyya daga ƙauyen Badau za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu yara. A watan Mayu 2023 yara 15 suka rasu a kogin Shagari a jihar Sakkwato, akasarinsu 'yan mata ne da suka tafi yo itace, kuma shekara guda kafin nan wani jirgin ya kife a yankin da mutum fiye da 20. Lodi fiye da kima, tsohon jirgi, babu rigar ruwa: duk lokacin da aka yi bincike dalilan nan ake jerowa. Abin lura a na Shagari shi ne ba wasa ya kai yaran ba. Aiki ne.

Wannan ya taɓo bambancin maza da mata. Kusan a ko'ina a duniya haɗari ya fi kashe yara maza, kuma ratar tana ƙaruwa da shekaru, saboda su ake bari su yi nisa da gida, su ke hawa bishiya, su ke gasar nuna jarumta. Wuri ɗaya ne rahoton 2008 ya ga mata sun zarce, shi ne ƙuna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san gidan Bahaushe. Yarinya ce ke bakin murhu, ita ke fifita kurfoti, ita ke taya suyar ƙosai da awara, ga zane da hijabi na yadin leda wanda in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne da fata. Haɗari dai yana bin aikin da aka ɗora wa yaro. Ɗan kiwo da ɗan gona su maciji ke sara; asibitin Kaltungo a jihar Gombe, wanda ya shahara da jinyar saran kububuwa, ya fi cika a lokacin shuka da girbi. Mai talla kuma rabonta mota.

Ƙananan yara ba harshen wuta ne ya fi ƙona su ba, ruwan zafi ne da koko da miya da man suya, don a ƙasa muke girki, daidai tsayin mai rarrafe. Fatarsu ta fi ta babba laushi, abin da zai yi wa babba ja kawai sai ya dafa tasu. Gobara kuwa in ta zo, da yawa take ɗiba. A watan Afrilu 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara 20 suka mutu, yawancinsu 'yan ajin reno. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara 26 'yan shekara biyar zuwa shida, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta hana sanya ƙananan yara a irin waɗannan azuzuwa. A watan Fabrairu 2025 almajirai 17 suka ƙone cikin dare a wata tsangaya a Ƙauran Namoda. Kara, zana, cunkoso, ƙofa ɗaya, iskar rani. Ko a hadisai an zo da umarnin kashe wuta kafin a kwanta, da rufe ƙorai, da tsare yara a gida in almuru ta yi, ballantana a ce rigakafi baƙon abu ne a addini.

Guba ita ce ta fi sauƙin magani, shi ya sa ta fi ban takaici. Binciken asibitocin koyarwa a Najeriya ya sha nuna cewa kananzir ne kan gaba a cikin abin da yara ke sha bisa kuskure. A kwalbar lemo ko gorar ruwa ake sayo shi, a ajiye a ƙasa kusa da risho, ga shi garau kamar ruwa. Ɗan shekara biyu ya san kwalbar, ya san abin daɗi ke fitowa daga cikinta. Illar kananzir ba a ciki take ba, a huhu take. Kaɗan in ya bi hanyar numfashi sai ya kumbura huhu, yaro ya kama haki da zazzaɓi. Saboda haka ɗura masa manja ko madara, ko sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, shi ne ke mai da ƙaramin abu babba, domin aman ne ke tura man cikin huhu. Sodar yin sabulu ta fi wannan muni. Matan da ke sana'ar sabulu a gida kan jiƙa ta a roba, ita ma ba ta da launi. Kurɓa ɗaya tana ƙona maƙoshi, in ya warke ya tsuke, yaro ya shekara da shekaru ba ya iya haɗiyar tuwo, ana ta yi masa aiki. Ga fiya-fiya, ga shinkafar ɓera, ga ƙwayoyin hawan jinin kaka a ƙarƙashin matashi.

Amurka ta yi dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa a 1970, mutuwar yara ta shan magani ta faɗi warwas. Ba iyayen Amurka ne suka ƙara hankali a shekarar ba, kwalbar aka canja. Mu kuwa abin da ake aunawa a kwalbar da mai saye ya zo da ita ba dokar murfi da za ta kai gare shi, sai dai a ɗaga shi sama inda hannu ba ya kai.

Mafi girman gubar da ta taɓa auka wa yaran ƙasar Hausa ba daga kwalba ta fito ba. A 2010 aka gano yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai suna sa hannu a baki. Yara kusan 400 suka mutu, dubbai kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi musu magani. Ba a shawo kan abin ba sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 aka maimaita a Shikira ta jihar Neja, yara 28.

Titi kuwa ba don yaro aka yi shi ba. Gajere ne, direba ba ya hango shi a bayan motar da ke tsaye, shi ma ba ya hango abin da ke tahowa. Kafin ya kai shekara goma bai iya auna gudun mota da nisanta ba, in ya ga ƙwallo ko ɗan'uwansa a tsallake sai ya zura. In mota ta bugi babba a ƙafa take samunsa, yaro kuwa a kai da ƙirji. Gudu ne ke yanke hukunci. Wanda aka buge a gudun kilomita 30 a sa'a galibi yana tashi, daga 50 zuwa sama kuwa damar tana zubewa da sauri, shi ya sa ake ba da shawarar kada a wuce 30 a kusa da makarantu da kasuwanni. To dubi manyan hanyoyinmu. Hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Zariya ko zuwa Maiduguri tana ratsa tsakiyar garuruwa, gidaje a wannan hannu, makaranta da rijiyar burtsatse a wancan. Duk gyaran da aka yi wa hanyar ƙarin gudu ne. Mutanen gari sun gane haka tun kafin injiniyoyi, shi ya sa bayan an kaɗe yaro za ka ga sun fito da kansu sun yi tudun rage gudu da ƙasa da kututture. Direbobi na tsaki, ni kuwa ina ganin wannan tudu ya fi allon gargaɗi goma amfani. Sauran kowa na gani kullum: yara huɗu a kan babur ɗaya har da na kan tanki, ba mai hular kwano, da ɗan shekara goma sha uku da aka danƙa wa A Daidaita Sahu ko motar gida ranar biki.

Akwai haɗari na biyu da ke biyo bayan na farko, wato abin da ake yi wa yaro kafin a kai shi asibiti. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara mata har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Abin da ake shafawa kuwa ɗanyen ƙwai ne, da man goge baki, da baƙin mai, da gishiri, waɗanda ba sa fitar da zafin, sai dai su shigar da ƙwayoyin cuta. Wanda aka tsamo a ruwa iska yake buƙata, a hura masa a baki a danna ƙirji, ba a kife shi ana matsa ciki ana ɓata mintocin da suka rage ba. Sai ɗori. Ba na raina maɗora, akwai karayar da suke gyarawa, kuma su ne a kusa, su ne da sauƙin kuɗi. Amma hannun yaro in ya karye kumbura yake yi, in an ɗaure shi tamau da karare jini ya daina gudu, cikin kwana biyu ko uku yatsu su yi baƙi. Likitocin ƙashi a arewacin Najeriya sun sha rubuta cewa ɗaurin da ya ruɓar da hannu yana cikin manyan dalilan yanke wa yara gaɓa. Faɗowa daga mangwaro ba ta cin hannu. Ɗaurin ne ke ci.

Mai karatu zai iya cewa zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da gudawa da yunwa sun fi duk waɗannan kashe yaranmu. Gaskiya ne, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ba na neman a ɗauke kuɗin rigakafi a sayi murfin rijiya. Sai dai yaron da aka yi wa alluran rigakafi, aka sa shi a gidan sauro, aka yi ta fama har ya tsallake yaye, in ya faɗa duro a shekara ta uku duk wahalar ta tashi a banza. Kuma cuta tana da ma'aikatar da ke da alhakinta. Ramin da ɗan kwangila ya bari fa, na wa ne? Ma'aikatar lafiya za ta ce na ayyuka ne, ta ayyuka ta ce na muhalli ne, ƙaramar hukuma ta ce ba ita ta ba da kwangilar ba.

Suwidin ta taɓa zama a irin wannan hali. A shekarun 1950 haɗari ne babban mai kashe yaranta. Wani likitan yara, Ragnar Berfenstam, ya dage da ƙirga su da rarrabe su, aka kafa kwamitin ƙasa a 1954. Suka raba wurin wasa da hanyar mota, suka koya wa yara iyo, suka yawaita gidajen reno, suka sa doka a kan yadda ake ƙera kayan gida. Da UNICEF ta jera ƙasashe masu arziki a 2001, Suwidin ce mafi ƙarancin mutuwar yara ta haɗari. Kuɗi sun taimaka, babu musu, amma da ƙirga aka fara, kuma ƙirga ba ta da tsada.

A nan ne muka fi rauni. Mutuwa kaɗan ce ake yi wa rajista a Najeriya da Nijar. Yaron da ruwa ya ci da hantsi, kafin la'asar an binne shi, ba likitan da ya gan shi, ba takardar da ta ɗauki sunansa. Alƙaluman asibiti na waɗanda suka kai asibiti da rai ne, don haka ƙuna da karaya suna bayyana, nutsewa tana ɓacewa. Hukumar kashe gobara ta jihar Kano takan fitar da adadin kiran da ta samu da rayukan da aka ceta da waɗanda aka rasa, kuma ma'aikatanta ne ke shiga rijiyoyi da kududdufai suna tsamo yara. Da za a ɗauki littattafansu na shekara biyar a fitar da shekarun kowane yaro, da watan, da lokacin, da sunan ramin, ina kyautata zaton jerin ramukan ba zai yi tsawo ba, 'yan kaɗan ne za su yi ta maimaituwa. Masu unguwanni sun san su ɗaya bayan ɗaya, kuma a hannun ƙaramar hukuma motar zuba ƙasa take.